Shuni a Kwanon Haƙoran Malam

Surukina shi ne mutum na farko da ya sa haƙoran roba a unguwarmu a Kibiya, ni ce kuma mace ta farko da ta lalata su. Abin ya faru ne 'yan shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu-ya-nasu. Lokacin ina da shekara biyar a gidan miji, ɗan farina yana Rano wajen mahaifiyata tun da aka yaye shi, ina goyon ta biyu, 'ya mace.

Malam muke ce masa, kuma shi ne limamin masallacin unguwa tun kafin a haife ni. Masallacin yana jikin katangar gidanmu, duk abin da aka karanta a ciki ina ji daga madafa. Tsufa ya kwashe masa haƙora ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga in ya ja Fatiha rabinta iska ce. Ga shi yana da na'ibi, wani matashi da ya yi karatu a Zariya ya dawo da haƙora talatin da biyu, yana kuma son a san da haka. Sai aka fara ƙus-ƙus a bakin masallaci, wai ko salla tana inganta a bayan wanda harufansa ba sa fita. Ba wanda ya faɗa wa Malam a fuska, amma ya ji. Limancin nan shi ne abin da yake tashi dominsa kullum, matarsa ta rasu, gona ta fi ƙarfinsa, ido ma ya fara yi masa hazo.

Maigidana ne ya ɗauke shi a motar kasuwa ya kai shi asibiti a birnin Kano. Sau uku suna zuwa. A na ukun Malam ya dawo da baki cike, fari tas, da wani ɗan gwangwani na farin gari. Likita ya ce kullum a cire haƙoran, a barbaɗa garin kaɗan a ruwa, a jiƙa su a ciki, kada kuma a kuskura a wanke su da wani abu daban. Wannan kashedin na ƙarshe bai iso kunnena ba sai da aka yi shekara guda da gama ɓarna. A magaribar ranar Fatiha ta fita garau, ƙus-ƙus ya mutu, na'ibi ya koma sahun farko.

Ba wanda ya naɗa ni mai wankin haƙora. Wata rana dai bayan azahar na ga ɗan kwano a rufe a bakin ƙofar ɗakin Malam, inda yake ajiye kwanon abinci in ya gama. Na ɗauka na buɗe, sai na ga Malam yana yi mini dariya, abin da bai taɓa yi ba. Saura kaɗan in yar da kwanon. Da na kai wa maigidana ƙara, ya ce ai babu wata mace a gidan, kuma Malam ba ya ganin yawan garin da yake zubawa. Shi ke nan, aiki ya zama nawa. Yana cirewa in zai yi barcin rana, ni kuma in jiƙa, in ɗauraye, in mayar kafin kiran la'asar.

'Yan yanzu ba za su gane abin da ke tsakanin mace da uban mijinta a wancan zamani ba. Ba na faɗin sunansa, ko wani ne mai irin sunan sai in kewaye. Ba na kallon fuskarsa. In zai wuce ta tsakar gida sai in durƙusa in juya kai. Maganarmu ɗaya ce a yini, gaisuwar safe, ni a durƙushe a bayan asabari, shi daga ciki ya ce lafiya lau, madalla. Shekara biyar ke nan. Da za a jera mini tsofaffi uku a kasuwar Kibiya ba lallai in nuna shi ba, amma cikin bakinsa na san shi ciki da bai.

Garin asibiti yana aiki, ba zan ci amanarsa ba. In aka zuba, ruwan yakan yi ɗan tsuwa, haƙoran su fito fes. Abin da na lura kawai shi ne dasashin, wanda ya zo ja-ja kamar na mai rai, yana koɗewa a hankali. Ban damu ba, tunda ba a ganinsa. Damuwata goro ce. Shekaru Malam yana goga goro a magogi yana lasa, da ya samu abin tauna sai ya shiga rama abin da ya wuce shi. Garin yana cire ja da rana, Malam yana mayarwa da yamma, haka suka yi ta yi har gwangwani ya ƙare, daidai lokacin da aka cire gyaɗa. Maigidana kuma ya tafi Kano aikin awon gyaɗa, ba zai dawo ba sai kaka ta wuce. Na aika masa a sayo wani. Ya aiko da gishiri da ashana da gaisuwa.

Cikin mako biyu haƙoran suka yi rawaya, cikin wata guda suka yi ja, irin jan matan da ke cin fure don kwalliya. Ni kuwa 'yar marina ce. Mahaifina da ƙannensa duk a bakin karofi suka tsufa a Rano, a gidanmu in launin abu ya ɓaci, mai aikin ake zagi, ba abin ba. Kullum na buɗe kwanon nan sai in ji kamar ni aka kama da ƙazanta. Na gwada asuwaki. Na gwada gawayi, da toka, da sabulun salo, da lemon tsami. Da duk suka gaza sai na ɗebo yashi mai laushi, wanda nake goge gindin tukunya da shi, na dirje su son raina. Jan ya ragu, ya bar wata rawaya mai duhu, sheƙin kuma ya tafi ɗungurungum. Ashe da yashin nan na kakkarce su, na buɗe wa duk wani launi ƙofa. Ni dai a lokacin gani nake na yi ƙoƙari.

Ana cikin haka aka aiko daga Tarai. Wani tsohon abokin karatun Malam zai aurar da 'yarsa ranar Juma'a da hantsi, ya ce ba mai ɗaura auren sai Malam. Dattawan unguwa za su raka shi, har da na'ibi. A masallaci liman baya yake ba mutane, haƙoransa tsakaninsa da bango ne. A ɗaurin aure kuwa fuska yake ba su, a tsakiyar rana, a ƙofar gidan mutane.

Ranar Alhamis na wanke masa farar riga da rawani, na tsoma su a bula kamar yadda ake yi wa duk farin kaya da ya fara rawaya. Na shanya, na tsaya ina kallon yadda suka yi fari ƙal a rana. A nan Shaiɗan ya same ni. Na ce, to, abin da ya gyara riga me zai hana shi gyara haƙori? Bular ta ƙare a wankin, amma ina da ɗan ƙullin shuni da mahaifiyata ta ba ni don kitso. A wurina duk dangi ɗaya ne. Da Malam ya fito da kwano bayan azahar, na gutsuri shunin kamar ƙwayar dawa, na dama a ruwa, na tsoma haƙoran na rufe. Niyyata in ƙirga goma in cire. Sai yarinya ta farka da kuka, akuyar maƙwabta ta shigo ta sa kai a ƙwaryar gero, na bi ta da muciya har zaure, na dawo na tarar wuta ta mutu. Ban tuna da kwano ba sai da inuwar katanga ta kai bakin rijiya.

Na buɗe. Haƙoran sun yi shuɗi irin na faratan mahaifina. Tsakankaninsu ya fi duhu, dasashin da ya koɗe kuma ya sha ya ƙoshi, ya koma kusan baƙi. A matsayina na 'yar gado dole in faɗi gaskiya, rini ya kama da kyau, babu dabbare-dabbare. Na ɗauraye da ruwa bakwai. Na koma kan toka da lemon tsami da yashi, ko gezau. Ina cikin dirza ladan ya kira la'asar. Malam ba zai shiga masallaci da baki wayam ba. Na zuba ruwa mai kyau, na rufe kwanon, na ajiye a bakin ƙofarsa, na gudu madafa na zauna a kan turmi.

Ba abin da ya faru. Ɗakinsa da duhu, idonsa da hazo, ya ɗauka ya sa ya fita. La'asar a ɓoye ake karanta ta, kuma Malam ba mai yawan fara'a ba ne. Sauran sallolin uku a hasken 'yar fitilar aci-balbal aka yi su. Haka ya ja salla huɗu da shuɗin baki, jama'a suna binsa cikin natsuwa.

Da gari ya waye na san dole a gaya masa kafin ya hau jaki. Wa zai gaya masa? Mijina yana Kano. Maƙwabciyata tana nan, mace mai kirki, amma in ta ji magana da hantsi kafin azahar an ji ta har garin Fammar. Ni kuma bakina ba zai iya ba. Na dama koko, na goya yarinya, na kai bakin ƙofarsa na durƙusa na gaishe shi. Ya ce lafiya lau, madalla. A nan ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Na kwance goyon, na ɗora ta a cinya, na dubi fuskarta. Watanta bakwai, tana tsotson yatsa.

Na ce, "Ke 'yar nan, kin ga abin da aka yi a gidan nan jiya? An ɗauki kayan mutane an tsoma a shuni."

Na ji ya ajiye ludayi. Da ma Malam yana wasan jika da ita, amaryarsa yake ce mata, in an miƙa masa ita ya yi ta yi mata ƙorafin ba ta yi masa tuwo.

Ya ce, "Amarya, wane kaya ke nan?"

Na ce wa yarinyar, "Na cikin kwano."

Na ji motsinsa, ya matso kusa da asabari inda haske ke shiga. Na ji ɗan ƙaran da suke yi in an cire su. Ya daɗe. Sannan na ji ya mayar.

"Amarya, idon mijinki ba ya rabe launi yanzu. Ya kama sosai?"

"Ya kama."

"To, ai dole. 'Yar marina ce ta yi. Yana fita?"

"Ba ya fita. An gwada toka, an gwada lemo, an gwada yashi." Na ƙara da cewa, "Da za a ce ba a jin daɗi yau, sai na'ibi ya je."

Ya ce, "Amarya, ni lafiyata ƙalau, ba zan ce ba ni da ita ba. In kuma na je babu su, da iska zan ɗaura wa 'yar mutane aure. A miƙo mini rawanina."

Na miƙa rawanin ta ƙarƙashin asabari. Na koma ɗaki na yi kuka mai isata, don kunya da tsoro, da kuma haushin kaina. Ta kafar zana na hango shi yana fita, ya ja amawali ya rufe baki har hanci, riga fara ƙal. Wankin rigar dai ya yi kyau.

Labarin Tarai maƙwabciyata ce ta kawo mini, tun kafin jakin Malam ya iso gida. Mijinta yana cikin 'yan rakiya. Ta ce huɗuba ta fita garau daga bayan amawali, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, ba wanda ya ga komai. Sai aka zo rabon goro. Aka zaɓo fari babba aka miƙa wa Malam. Shi kuwa ya manta, ya sauke amawali, ya buɗe baki ya gatsa, a gaban mutanen gari biyu. Ta ce ba wanda ya yi dariya, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ban da wani Bafillace da ya yi salati da ƙarfi. Na'ibi ne ya matso cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, wani magani ake sha ne?" Malam ya ce, "Shuni ne. Idona ne bai gani ba, na ɗauka na sa." Ya ci gaba da cin goronsa.

Malam bai yi ƙarya ba ko da harafi ɗaya. Amma maza ba su san wa ke wanke me a cikin gida ba, duk suka ɗauka shi ya dama shuni da hannunsa yana zaton garin asibiti ne. Maƙwabciyata ta gama ba ni labari, ta dubi kitson kaina, ta ce, "Ni dai mamakina, ina Malam ya samu shuni?" Na ce gidan da 'yar marina take ai ba a rasa shi. Ta ce haka ne, ta daɗa duban kaina, ta tafi.

Kwana shida bayan haka dattawan unguwa suka zo zaure da safe. Ina shara a bayan katangar zauren, kuma na daɗe ina share wuri ɗaya. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi gajiyar Tarai da ta riga ta kwana shida. Sannan babbansu ya ce, su ba komai ba ne ya kawo su, tambaya ce ta ilimi. Ruwan da launinsa ya sauya, ana alwala da shi? Malam ya ce ba a yi. Dattijon ya ce to, mutumin da ba ya rabe ruwan shuni da farin ruwa, yaya zai san ruwan butarsa? Na'ibi ya yi tari sau biyu. Na jira in ji Malam ya ce ai ba shi ya dama ba. Kalma uku ta ishe shi.

Ya ce, "Gaskiya ne. Ni na koya muku wannan. Daga yau na'ibi ya shige gaba."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Mutanen nan sun bi shi salla tun suna da ƙuruciya, shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna, shi ya sallaci iyayensu, yau sun zo da tambayar ilimi. Bayan azahar, da ya turo kwano bakin ƙofa, ban jira ya kwanta ba. Na ɗauko yarinya na durƙusa.

Na ce mata, "Ke, in ubanki ya dawo za a gaya masa wanda ya yi aikin nan, shi kuma ya je ya gaya wa masu tambaya. Kai, ba ma sai ya dawo ba. Yanzu za a leƙa maƙwabta a faɗa, kafin la'asar kowa ya ji."

Wannan karon haƙoran suna cikin kwano a gabana, don haka maganarsa ta fito da iska, sai da na kasa kunne sosai.

"Amarya, wa ya sa su a bakinsa ya ja salla huɗu bai gani ba? Abin da suka faɗa haka yake. Ido ya tafi, da ma ana neman ranar da za a faɗa ne." Ya numfasa. "Ni saura kaɗan in bar garin nan. Wasu kuwa yanzu suka fara zama a cikinsa. In maganar nan ta fita, har ki yi jika ana ce miki 'yar mai rina haƙori. Ki gaya wa uwarki, in ta faɗa wa kowa, ni da ke aure ya mutu."

Yarinyar ta yi dariya, don ta san muryarsa. Ni kuma na ɗauki kwano na tafi bakin rijiya.

Maigidana ya dawo bayan kaka da gwangwani biyu na garin asibiti, ya gaishe da mahaifinsa, ya shigo ɗaki da ido waje yana tambayata me ya samu bakin Malam. Na ce ya tambayi Malam. Ya tambaya, aka ba shi amsar da aka ba mutanen Tarai. Garin ya yi iya yinsa. Cikin wata biyu shuɗin ya sauka ya koma toka-toka, daga nan ya tsaya, tsakankanin haƙoran kuwa bai taɓa fita ba. Da su Malam ya yi shekara huɗun da suka rage masa. Mijina ya rasu bai sani ba. Amaryar Malam yanzu tana da jikoki, ita ma sai in an karanta mata wannan za ta ji abin da aka yi ta faɗa mata.

Amma magaribar ranar da dattawa suka zo ita ce ba ta barina. Ina tsakar gida ina kwashe tuwo aka ta da salla. Muryar na'ibi ta tashi ta bayan katanga, mai zaƙi, kowane harafi a mazauninsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Na yi zaton Malam zai yi tasa a ɗaki, ko na kwana biyu. Da na'ibi ya kai ƙarshen Fatiha, sai na ji muryar Malam da amin daga sahun farko, ta riga ta kowa, ta fi ta kowa fita. Na ajiye mara na zauna a ƙasa. Har aka sallame ban tashi ba, tuwon ya sandare a tukunya.